Hannun Chindo a Bangon Komisariya

Motar haya ba ta gama tsayawa ba, Uwani ta shiga dukan ƙofa da tafin hannu.

"Direba, sauke ni nan. Nan na ce!"

"Haba Inna, ai ba mu kai tasha ba."

"Wa ya ce maka tasha za ni?"

Ta sauko da ƙyar, ta ɗora ƙullin kayanta a ka, ta yanke ta bayan rumfar mahauta. Kusan wata guda ta yi a Konni tana jinyar autarta Wasila, wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, kuma da so samu ne da yau ma tana can. Amma yau ce ranar da baƙi za su zo daga Tawa su duba tsohuwar komisariyar Gawon Tudu, wato tsohon ofishin 'yan sanda. In sun ce ginin kayan tarihi ne, ya tsira. In ba su ce ba, magajin gari zai sa a rushe shi kafin damina a faɗaɗa tasha, don manyan motocin siminti sun rasa wurin kwana.

Tana shan kwana ta tsaya cak.

Ba ta gane wurin ba. Ginin da ta bari jan gini ne na ƙasa, mai kaurin bango, mai rufin soro da indararon giginya, wanda ruwan shekaru ya zaizaye wa kafaɗu. Wanda ke gabanta yanzu fari ne tas daga sama, shuɗi daga ƙasa, an ɗora masa sabon kwano yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, makaɗa na gefe suna gasa fata a rana. Kai, mutanen Gawon Tudu! In aka ce baƙo zai zo, ko akuyar tsakar gida sai sun yi mata wanka.

Uwani ita ba wajen ginin ne ya dame ta ba, su shafa masa zinariya ma in sun ga dama. Abin da ke nata yana ciki, a ɗakin ƙurya, wanda a da shi ne kaso.

Tana ƙarama, ko famfara ba ta gama ba, aka kama ubanta. Chindo ake ce masa, saboda da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, kuma na shidan ba tsoka ba ce da wanzami zai tsinke, yatsa ne mai ƙashi. Laifinsa, wai wani baƙo da ake nema ya kwana a zaurensa. A zaman da ya yi a kaso aka sa shi yaɓe ɗakin, tunda ya iya aikin ƙasa. Daga nan wata safiya aka zuba shi da sauran fursunoni a mota aka yi arewa da su. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya zo ya ce ga inda ya ƙare. Uwarta ta mutu tana sauraren ƙarar mota.

Sai bayan shekaru masu yawa, da 'yan sanda suka koma sabon buro aka mai da tsohon wurin ajiyar buhunan meri, wato ofishin magajin gari, Maman mai gadi ya buɗe mata ta shiga. Bangon duk sawun yatsu ne, yadda yaɓen hannu yake. Amma a kusurwa, can ƙasa, akwai tafin hannu guda cikakke da aka danna da gangan tun ƙasar tana ɗanya, yatsu shida a baje. Daidai tsayin ƙaramar yarinya aka yi shi. Ba wanda zai iya raba Uwani da cewa don ita ubanta ya sunkuya ya sa shi a nan. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ta zo ta durƙusa, ta sa hannunta a cikin nasa, ta yi masa addu'a. Ba ta yayata ba, don zaman kaso ba abin tinƙaho ba ne. Wasila kaɗai ta taɓa kaiwa.

"Yaya, sannu da hanya. Yaya mai jiki?"

Isufu ne, ɗanta na fari, direban babbar motar siminti a Malbaza, kuma shugaban direbobin garin. Mutum ne da ya ba hamsin baya, da furfura a gemu, amma ya durƙusa har ƙasa cikin sabuwar shaddarsa. Uwani ta kau da kai ta dubi rumfar mahauta.

"Da sauƙi," ta ce wa rumfar.

Haka suke tun fil azal. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, a can ya girma, Yaya yake ce mata kamar yadda ya ji ƙannenta na faɗa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle hira. Kunyar ɗan fari kowa ya tarar ana yi, amma Uwani ta riƙe tata har sa'o'inta na yi mata dariya. Tana son sa kuwa, so mai ciwo, in motarsa ta makara a hanya ba ta iya cin abinci. Sai dai ko da wasa bai taɓa ji daga bakinta ba.

Shi abin da ya sani kaɗan ne. Ya san an taɓa tsare kakansa a nan, ya san uwarsa ba ta fashin zuwa. Da ya ji za a rushe, ya kuma ji baƙi za su zo, sai ya ga ga hanyar da zai yi mata abin da baki bai iya faɗa ba. Ya tara direbobi, kowa ya kawo abin da ya samu na siminti, ya ɗauko magina daga Malbaza, aka yi gayya gari guda, mata na jido ruwa.

"Munka ce ba za a zo a iske wurin kakanmu da kashin jemage ba," in ji shi, yana murmushi yana kallon ƙasa. "An dai fita kunya, Yaya."

Yana jira ta ce wani abu, ko da ta gefe ne, ko da ta bakin wani. Ta ratsa ta gefensa ta nufi ƙofa.

Maman mai gadi yana zaune a dokin ƙofa. Sa'anta ne, tare suka yi wasan ƙasa. Yana ganinta ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Uwani, tsaya ki ji."

"Matsa."

"Ina Badagishiri wajen cirar albasa. Makulli na bar musu su share. Shara na ce, Uwani, Allah shi ne shaida. Ko da na komo..."

Ta wuce shi. Warin fenti ya cika mata hanci. Ɗakin ƙurya, wanda duhunsa sai ido ya saba, yanzu an fasa masa taga, haske ya shigo ko'ina. Ta durƙusa a kusurwa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta ɗora hannu a inda ta saba. Sumul. Ta matsa dama, ta matsa hagu, ta shafa sama, ta shafa ƙasa har dandamali, ko ta ɓata wurin ne. Siminti ne mai sanyi, an goge shi da kyau, aikin gwanaye.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna daɓas a ƙasa da ƙullin kayanta a cinya, tana jin kamar yau ne aka sa shi a mota.

A waje ganguna suka ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa. Baƙi sun iso.

Su uku ne, shugabarsu mace, Madam Badi'a, doguwa mai tabarau. Ta fito daga mota ta dubi ginin, ta juya ta dubi direbanta kamar mai tambayar ko ɓatan hanya suka yi. Magajin gari ya tarbe su, aka zaunar da su, aka kawo ruwan sanyi. Ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya yabi direbobi, ya kira Isufu ya miƙe aka tafa masa. Madam Badi'a ta yi tafi ita ma, a hankali, idonta na kan kwanon rufi.

Da aka gama ta ce a shiga. Jama'a suka duru a bayanta.

"Ina azarar rufin?" ta tambaya.

"Gara ta taɓa ta, Madam," in ji Isufu. "Munka fidda, mata sun yi girkin gayya da ita."

"Ƙofar ƙarfen fa?"

"Ta yi tsatsa. Tana wurin maƙera."

Ta ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ta saurara, ta ci gaba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba, amma abokin aikinta da ya fito da na'urar ɗaukar hoto ya mai da ita jaka. Suka kai ɗakin ƙurya, suka tarar da tsohuwa zaune a ƙasa. Madam Badi'a ta rusuna ta gaishe ta, sannan ta dubi kusurwar, ta daɗe tana dubawa.

"Ina hannun?"

"Wane hannu, Madam?" in ji Isufu.

Ta ciro salula ta lalubo hoto. Wasila ce ta ɗauke shi bara, ta ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tura Tawa, kuma shi ne ya taso da mutanen nan tun daga can. Isufu ya karɓa ya kawo kusa da ido. Jan bango, sawun yatsu, ga tafin hannu a tsakiya. Leɓɓansa suka motsa yana ƙirgawa. Da ya kai ƙarshe ya sake farowa. Ai ya san sunan kakansa, ya kuma san abin da ke sa a raɗa wa mutum wannan suna.

Ya ɗago ya dubi uwarsa. Ta kau da kai.

"Ɗiyata," Uwani ta ce wa baƙuwar, muryarta a dushe, "ba a iya ɓamɓare wannan abin? A hankali, ko da da allura ne. Ni zan zauna in yi."

"In a kan tsohon yaɓen aka shafa, Inna, akwai dabara. Muna da masu yi." Madam Badi'a ta juya. "Malam, a kai kuka shafa?"

A waje ganguna na ta tashi, ba wanda ya tuna ya tsayar da su.

"Siminti ba ya kama tsohon yaɓe," in ji Isufu. Maganar na fita ɗaya-ɗaya. "Sai an kankare har tubali, a buga ƙusa, a ja waya." Ya dubi bangon. "Wanga ɗaki ban bar lebura ya taɓa ba. Na ce na kakana ne. Ni na kankare shi da hannuna."

Wata mata a baya ta ce, "Innalillahi." Maman ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Madam Badi'a ta cire tabarau ta goge. Ta ce ta ga wahalar da aka sha, ta kuma san da zuciya ɗaya aka yi. Amma abin da suka zo gani ƙasa ce da itace da aikin hannun mutanen da, shi ne abin da doka ke karewa, wannan kuwa ginin bana ne. Ta ce ba za ta iya rubuta abin da ba ta gani ba. Ta ƙara da cewa a yi hankali da yara, don siminti a kan ƙasa yana riƙe danshi, in damina ta yi nauyi bangon zai iya zubowa.

Sannan ta tsuguna ta miƙa wa Uwani salular.

"Ga shi, Inna. Zan sa a wanke miki babba, a sa a gilashi."

Idon Uwani ya daɗe da yin hazo, ja-ja kawai take gani. Ita da hannu ta san shi, ta san inda babban yatsa ya nutse, ta san tsagar da ta ratsa tafin. Ta ɗora yatsunta a kan gilashin. Hoton ya zame ya tafi, wani ya maye gurbinsa, wasu yara biyu cikin kayan lakwal suna dariya. Ta mayar da salular.

"Na gode, ɗiyata. Allah shi kai ku gida lafiya."

Aka fito cin abinci, don an riga an yanka rago, kuma ba a mai da tuwo tukunya. Baƙi suka taɓa kaɗan don kada a ce sun ƙi. Tun ba su tashi ba magajin gari ya ja sarkin tasha gefe, suna nuna filin da hannu, daga bakin rumfar mahauta har bayan ginin. Ba mugunta ba ce, motoci dai na bukatar wurin kwana. Direbobin da suka yi ta tafi ɗazu suka zame ɗaya bayan ɗaya, masu kujerun haya suka fara tarawa.

Uwani ta fito daga ƙarshe, bayan la'asar. Maman ya karɓi ƙullin kayanta ya bi ta a baya.

"Ƙasar da anka kankare," ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "ina anka kai ta?"

"Bari, Uwani."

"Tambayarka na yi."

"Bakin gari. Ramin nan da ke gaban gada, inda kwalta ta cinye. Sunka ce kada motar baƙi ta yi tsalle. Sunka cike shi, sunka zuba ruwa, sunka daɓe."

Ta juya ta kama hanyar bakin gari. Zafin bazara bai sauka ba, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Ita kanta ba ta san abin da za ta je yi ba. Tun daga nesa ta fara jin oda, motoci na ta danna ta ba ƙaƙƙautawa, da ta matso ta ga layi ya miƙe, manyan motocin siminti da na albasa da ƙananan motocin haya, an tsaya ta kowane gefe. An jera ganye a kan kwalta kamar yadda ake yi in mota ta lalace. Amma ba mota ce ta lalace ba.

Isufu ne durƙushe a tsakiyar hanya. Ya cire hula, shaddar nan ta koma ja. Ya samo ƙarfen cire taya yana tona ramin, in ya ɓallo hoge sai ya ajiye ƙarfen ya ɗauka da hannu biyu, ya juya shi, ya hure, ya duba, ya ajiye a gefe. Kwana da kwanaki motoci masu nauyi na bi ta kai. Yawancin abin da ke fitowa gari ne, yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Shugaba, don Allah ka tashi!" wani direba ke kira daga sama. "Mi kake nema ne? In kuɗi ne ka faɗa a taya ka!"

"Ku ƙyale shi, ya taɓu," in ji wani fasinja.

Ko gezau. Farcensa guda ya fashe, jini ya gauraya da ƙasa, bai ma sani ba. Wani ya ce an aika a kira jandarma.

Uwani ta tsaya a kansa. Inuwarta ta faɗo a ramin, ya ɗago. Rabon da ta kalli fuskar nan sosai tun yana goye. Ashe ya tsufa. Ashe idonsa irin na uwarta ne. Hawaye sun yi hanya biyu a cikin ƙurar da ke kumatunsa, babban mutum, mai 'ya'ya da jikoki, a gaban yaran motarsa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai tafi ba, duka biyun suna nan.

"Ban sani ba, Yaya," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

Gaskiya ya faɗa.

Ya juya ya rarumo wani gutsure daga cikin waɗanda ya ware, bai kai tafin hannu ba, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Ga wani da shaida a jiki. Duba, kamar yatsu. Shi ne? Yaya, shi ne?"

Ta karɓa. Ta rufe ido ta bi shi da ɗan yatsa. Layuka ne a jere, masu kaifin baki, tazararsu ɗaya, zurfinsu ɗaya. Hannun ɗan Adam ba ya yin haka. Sawun taya ne, wataƙila ma ta motarsa.

Ta buɗe ido. Yana kallon bakinta. A bayansa ramin na nan da faɗi, ta kuma san in ta ce a'a zai koma ciki, zai tona har jandarma su zo su ɗauke shi, gobe ma ya dawo. Oda ta ci gaba da tashi ta ko'ina.

"Shi ne," ta ce.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka shiga girgiza. Uwani ta kwance bakin zanenta, ta sa gutsuren a ciki, ta ƙulle da kyau yadda zai gani.

"Tashi," ta ce. "Ka tare wa mutane hanya."